Waiwaye: gardamar ƙananan harsasan fistol, daga aljihun Turawa zuwa majalisunmu

Tun da 'yan bindiga suka addabi Sabon Birni da Isa kowa ya zama masanin makami a majalisa, jiya ma bakin mai shayi na ji wasu samari na musu wai tsakanin harsashin fistol mai lamba .22 da mai lamba .380 wanne ya fi tsare mutum, duk a YouTube suka gani. To wagga gardama ta girmi kakanninsu.

.22 shi ne dattijon, tun 1857 Smith & Wesson suka fitar da gajerensa a Amurka, dogon da ake yayi yanzu sai 1887. Akwai kuma wasu uku, duk aikin mutum guda ne, John Browning: .32 a 1899, .25 a 1905, .380 a 1908. Dalilin ƙera su kawai a samu bindigar da za ta shige aljihun kwat ba a gani, wanga .25 ɗin harsashinsa ko tsawon gaɓar yatsa da kyar ya kai.

Kisa dai suna yi, babu musu. Da .380 aka harbe Yarima Franz Ferdinand na Ostiriya a Sarajevo a 1914, harbin da ya kunna yaƙin duniya na ɗaya. Amma kuma shugaban Amurka na lokacin, Reagan, an ɗirka mashi .22 a 1981, harsashin ya shiga huhu, shi kuwa da ƙafarsa ya taka ya shiga asibiti. Nan fa gizo ke saƙar, domin mai kare kai so yake maharin ya tsaya nan take, ba ya faɗi bayan ya gama ɓarna ba. Bayan artabun Miami na 1986 inda FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, ta rasa jami'ai 2, hukumar ta sa ƙa'ida sai harsashi ya nutsa aƙalla inci 12, daga nan darajar .25 ta zube, .380 ya zama na ƙarshen da masana da yawa ke lamunta.

Mu nan kuwa Dokar Makamai ta 1959 ta sa fistol cikin haramtattu, lasisinsa sai da izinin shugaban ƙasa, harba-ka-ruga ta mafarauta ita ce kwamishinan 'yan sanda ke ba takarda. Ko a 2022 da Matawalle ya ce mutanen Zamfara su nemi bindiga dokar ba ta canza ba. Kuma dai waɗanda ke shigowa ƙauye kan babura AK-47 suke rataye da ita, wallahi samarin nan ko sau ɗaya ba su ambaci wannan ba har shayinsu ya huce.