Idan Asusun Jami'ar Gwamnati Ya Bushe: Tambayoyi da Amsoshi

Ta yaya jami'ar da gwamnati ke ɗaukar nauyinta take shiga matsin kuɗi?

Mafi yawan abin da jami'a ke kashewa albashi ne, shi kuwa albashi ba ya jiran kowa. Wani lokaci gwamnati ce ke zabtare kason da take bayarwa. Wani lokaci ta bar shi yadda yake, tsadar rayuwa ta cinye shi. Haka aka yi a Ajantina: hauhawar farashi ta kai kashi 211 cikin 100 a 2023, amma gwamnatin Javier Milei ta shiga 2024 da kasafin 2023. Jami'ar Buenos Aires ta koma kashe fitilu a wasu sassan gine-ginenta, tana taƙaita hawa lif, don ta iya biyan kuɗin wuta.

Me hukumar jami'a ke fara yi?

Takan dakatar da ɗaukar ma'aikata, ta ƙara kuɗin makaranta, in abin ya yi tsanani ta rufe sassa. A 2023 Jami'ar West Virginia ta Amurka ta samu giɓin dala miliyan 45, ta soke kwasa-kwasai 28 da guraben malamai 143. A 2009 kuwa Jami'ar Kalifoniya ta ƙara kuɗin makaranta da kashi 32 cikin 100, ta kuma sa ma'aikata hutun dole ba biya.

Su malamai yaya suke mayar da martani?

Makamin da aka fi sani shi ne yajin aiki. A Najeriya, ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta janye daga ajujuwa daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoban 2022, kan yarjejeniyar 2009 da ta ce gwamnati ta ƙi cikawa. Gwamnati ta mayar da martani da "ba aiki, ba biya", ta riƙe albashi. Duk mai sukar yajin aiki ya kamata ya tuna cewa harajin ilimi na 1993, wanda ya zama asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund, gwagwarmayar malamai ce ta haife shi.

Akwai kuma ƙuri'ar rashin amincewa da shugaba. Malaman West Virginia sun kaɗa wa shugabansu Gordon Gee ita da gagarumin rinjaye, amma hukumar gudanarwa ta yi kunnen uwar shegu ta zartar da yankan.

Martanin da ya fi damuna shi ne wanda ba a jin ƙararsa. Malami ya kammala duba takardun jarrabawa, ya miƙa makullin ofis, ya kama aiki a wata ƙasa. Ɗalibin digiri na uku da yake dubawa ya wayi gari da babi uku a hannu ba mai karanta masa. Sashe kan ɗauki shekaru kafin ya maye gurbin mutum ɗaya irin wannan.

Ɗalibai fa?

Su ƙarin kuɗi ne ke fitar da su kan titi. A Oktoban 2015 ɗaliban Jami'ar Witwatersrand ta Afirka ta Kudu sun tayar da ƙayar baya kan ƙarin kashi 10.5 cikin 100. Zanga-zangar ta bazu ƙasa baki ɗaya da sunan #FeesMustFall, har Shugaba Jacob Zuma ya sanar da cewa babu ƙari a 2016. A Disamban 2017 ya yi shelar karatu kyauta ga 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi. Nasarar ba ta zo a sauƙaƙe ba, domin an ƙona gine-gine, an kama ɗalibai, wasu sun daɗe suna zaryar kotu.

Shin malamai da ɗalibai abu ɗaya suke nema?

Tushen matsalarsu ɗaya ne, amma ƙarancin kuɗi kan haɗa su faɗa. Idan malamai suka tafi yajin aiki, ɗalibi ne ke zaman gida wata takwas. Idan ɗalibai suka hana ƙarin kuɗi kuma gwamnati ba ta cike giɓin ba, albashi da kayan ɗakin gwaji ne ke shan wuya. Idan giwaye biyu suna faɗa ciyawa ce ke jin jiki, a nan kuwa ciyawar ce ake bari tana faɗa da junanta. A ganina, abin da ya kamata ɓangarorin biyu su fara nema tare shi ne a buɗe littattafan kuɗi, kowa ya ga nawa ya shigo, ina ya tafi, kafin a yanke ko sisi.

An taɓa ganin sun haɗa kai?

An gani. Ranar 23 ga Afrilun 2024 ɗalibai da malamai da shugabannin jami'o'in Ajantina suka fito tare, dubun dubatar jama'a suka mara musu baya, da yawa suna ɗaga littattafai sama. Bayan haka gwamnati ta ƙara kuɗin gudanarwa. Batun albashi ne ya ƙi ci ya ƙi cinyewa: majalisa ta yi dokar ƙara wa jami'o'i kuɗi, Milei ya hau kujerar naƙi a Oktoban shekarar, majalisar kuma ta kasa samun kashi biyu bisa uku da za ta tsallake shi.