Ramukan da ido ba ya gani: yadda ake tsimin filatinum

Mene ne katalis na lantarki?

Idan aka saka wayoyin ƙarfe biyu masu ɗauke da lantarki cikin ruwa, ruwan yakan rabu zuwa iskar haidirojin da oksijin. Amma aikin yana da nawa, yana kuma cin wuta. Katalis shi ne abin da ake shafawa a jikin ƙarfen don aikin ya yi sauri da wuta kaɗan. Wajen fitar da haidirojin, ƙarfen filatinum ne gwani, sai dai akwai tsada, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari nasa daga Afirka ta Kudu ake haƙo shi.

To, ina ruwan ramuka a ciki?

A saman ƙarfe kawai ake aikin. Duk filatinum ɗin da ke binne a ciki asarar kuɗi ne. Shi ya sa ake fara shirya wani ƙarfe mai ramuka na 'yan nanomita (gashin kai guda ya kai kaurin nanomita dubu 80), sannan a shimfiɗa katalis a kai. Kamar tandar masa ce: yadda ramin yake, haka masar za ta fito.

A 1995 Masuda da Fukuda a Japan suka nuna yadda lantarki da asid ke huda saman alminiyam da ramuka a jere. Akwai kuma dabarar haɗa zinariya da azurfa, a narkar da azurfar da asid, zinariyar ta rage da ƙofofi ko'ina. Wadda ta fi burge ni ita ce ta Radoslav Adzic a Amurka: a shimfiɗa jan ƙarfe kaurin atam ɗaya (ƙwayar zarra) a kan wani ƙarfe, a tsoma a ruwan filatinum, filatinum ya maye gurbinsa. Ƙarfen da ke ƙasa har yakan matse atam ɗin na sama, aikinsu ya canza.

Ba shi da matsala?

Akwai. Da daɗewar aiki ramukan kan haɗe su yi girma, ƙarfin katalis ya ragu.

Me ya shafi mutumin Garwa ko Marwa?

A arewacin Kamaru rana muna da ita, ga tashoshin sola a Marwa da Gidar. Damuwarmu dare ne, da lokacin da ruwan madatsar Lagdo mai ba mu wutar lantarki ya ja baya. Haidirojin hanya ce ta adana wutar rana, kuma da shi ake yin takin yuriya da manoman auduga ke saye da tsada. Ina fatan ɗalibanmu na jami'ar Ngaundere su riƙe wannan fanni da gaske, tunda ma'adinin alminiyam na Minim-Martap yana jiharsu.