Ko Mai Bi Yana Kamuwa da Ciwon Damuwa? Tambayoyin da Mazanmu Ke Yi a Legas

Ranar Lahadi idan an tashi daga sujadar Hausa, maza kan taru a bakin majami'a ana gaisawa. "Yaya Ikko?" "Mun gode Allah." Amsar ke nan ko da cikin mutum yana cin wuta. Sai an watse wani zai ja ni gefe ya ce, "Baba, ina da 'yar magana." Tambayoyin nan daga irin wannan 'yar maganar suka fito.

Mene ne ciwon damuwa, kuma ina bambancinsa da ɓacin rai na yau da gobe?

Ɓacin rai baƙo ne, yakan kwana ya tafi. Ciwon damuwa kuwa shimfiɗa tabarma yake yi. Likitoci suna duba ko mutum ya kai mako biyu, kusan kullum, yana cikin ƙunci ko kuma abin da yake jin daɗinsa a da ya fita masa a rai. Barci ya ƙi zuwa ko ya yi yawa, abinci ya daina shiga, jiki ya mutu, mutum ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani. A shekarar 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu fama da shi a duniya sun kai kusan miliyan 280.

A wurin namiji sau da yawa da wata fuska yake zuwa: saurin fushi, giya, tiramol, ko shiru. Na san wani ɗan'uwa da ya rasa babur ɗinsa bayan hana acaba da aka yi a wasu sassan Legas a watan Yunin 2022, ya koma gadi. Na iske shi a ɗan ɗakinsa na bakin ƙofa, janareto na ruri a bayan bango, shinkafar jiya tana rufe a roba bai taɓa ta ba. Wayarsa ta yi ƙara sau uku ina zaune. Matarsa ce daga gida. Ya kifa wayar a kan katifa ya ce, "In na ɗauka, me zan ce mata?"

Ni mai bi ne. Ba rashin bangaskiya ba ne ya jawo mini wannan?

A'a. Buɗe 1 Sarakuna sura 19. Annabi Iliya ya fito daga babbar nasara a Dutsen Karmel, inda wuta ta sauko daga sama a gaban jama'a. Sarauniya Yezebel ta aiko masa da barazanar kisa, ya gudu, ya bar baransa a Biyersheba, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji shi kaɗai, ya zauna a gindin itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa, wai ya isa haka. Wa zai ce Iliya ba shi da bangaskiya?

Abin da ke taɓa ni shi ne yadda Allah ya bi da shi. Bai tsawata masa ba, bai kuma fara da wa'azi ba. Ya bar shi ya yi barci. Mala'ika ya tashe shi, ga gurasa ga butar ruwa a wajen kansa. Ya ci, ya sha, ya sake kwanciya. Aka sake tashinsa aka ce ya ƙara ci, domin tafiyar ta fi ƙarfinsa. Sai da ya kai Dutsen Horeb bayan kwana 40 Allah ya tambaye shi abin da yake yi a can, ya kuma saurari kukansa har sau biyu. Iliya yana cewa shi kaɗai ya rage, Allah ya ce akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa gunkin Ba'al ba. Haka ciwon nan yake yi, ya sa ka ga kamar kai kaɗai ne a duniya. Daga ƙarshe aka ba shi aiki, aka kuma ba shi Elisha ya zama abokin tafiya.

Ayuba ya la'anci ranar haihuwarsa, Irmiya ma haka a sura 20. Bulus ya rubuta wa Korantiyawa cewa wahalar da suka sha a Asiya ta kai har sun fid da rai.

Amma an rene mu a kan cewa namiji ba ya kuka.

An rene mu, an kuma ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Akwai wurin da wannan magana take daidai, sai dai ta kai maza da yawa kabari. A duniya, mazan da ke kashe kansu sun ninka mata fiye da sau biyu. Yesu ya zub da hawaye a kabarin Li'azaru a idon mutane. A Getsamani ya ɗauki Bitrus da Yakubu da Yahaya, ya faɗa musu da bakinsa cewa ransa yana cikin baƙin ciki har kamar ya mutu, ya roƙe su su zauna a faɗake tare da shi. In Ubangijinmu ya nemi mutum uku a daren wahalarsa, ba abin kunya ba ne kai ka nemi ɗaya.

Ko wani zunubi ne nake biya, ko jifa aka yi mini daga gida?

In akwai laifin da ke cin ranka, ka furta shi, gafara tana nan. Amma da almajirai suka tambayi Yesu zunubin wa ya sa aka haifi wani makaho, cewa ya yi ba nasa ba ne, ba kuma na iyayensa ba. Abokan Ayuba sun nace sai sun gano laifinsa, Allah kuwa da su ya yi fushi. Ciwon damuwa yakan biyo gado, rashin wani naka, bashi, doguwar jinya, kaɗaici, ko abin da ido ya gani. Da yawa cikinmu rikici ne ya koro mu daga Borno, Filato ko Kudancin Kaduna, wasu kuma sojoji ne da suka dawo daga daji. Irin wannan ba ya gogewa don kawai mutum ya sauka a Agege.

Idan na je asibiti, ban raina addu'a ba?

Mai hawan jini yana shan maganinsa yana addu'a, ba wanda ya zarge shi. Luka da ya rubuta Bishara likita ne. Na san sunan Yaba yana tsorata mutane, a ce wurin mahaukata ne. Asibitin ƙwaƙwalwa ne na Gwamnatin Tarayya, kuma da yawa masu zuwa can ganin likita suke yi su koma gida a ranar. Asibitocin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH da ke Ikeja su ma suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Tun farkon 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwa ta 1958, ta kuma tanadi kare mutuncin majinyaci.

Wani majinyacin magani za a ba shi, wani zaman tattaunawa, wani duka biyun. Maganin yakan ɗauki makonni kafin a ji aikinsa, kada ka yar da shi a kwana biyar. Kada kuma wani ya sa ka zubar da shi da sunan nuna bangaskiya. Ni dai ban yarda a ɗora wa mutumin da ya daina cin abinci dogon azumi ba. Gurasa aka ba Iliya.

Na kasa addu'a, ko Littafi Mai Tsarki na buɗe ba na fahimta. Yaya zan yi?

Kada ka ɗora wa kanka surori goma. Aya guda ta isa. Zabura 34:18 ta ce Ubangiji yana kusa da masu karyayyar zuciya. In wannan ma ta yi maka nauyi, je ka Zabura 88, addu'ar mutumin da ya fara da kuka ya ƙare da cewa duhu ne abokinsa, aka kuma bar ta a cikin Littafin yadda take. Romawa 8:26 ta ce sa'ad da ba mu san yadda za mu yi addu'a ba, Ruhu yana roƙo dominmu da nishin da ba ya faɗuwa. Ka sa wani ya karanta maka, ko ka kunna karatun Hausa a waya ka kwanta.

Idan tunanin kashe kai ya zo fa, ko na ji ɗan'uwa yana irin wannan magana?

Ka faɗa wa wani yau, ba gobe ba: fasto, dattijo, matarka, abokin ɗakinka. Ka miƙa masa maganin ƙwari, ƙwayoyi ko makamin da ke kusa da kai. Ku tafi sashen gaggawa na asibiti, ko ku kira 112 ko 767, lambobin gaggawa na Jihar Legas.

In kai ne aka faɗa wa, ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin hallaka kansa. Tambayar ba ta cusa masa tunanin. Kada ka sallame shi da "sai haƙuri", kada ka bar shi ya kwana shi kaɗai. Abin kirkin da abokan Ayuba suka yi shi ne kwana bakwai da suka zauna da shi a ƙasa ba su ce uffan ba.

Mai gadin nan, maza biyu daga Zumuntar Maza ne suka karɓi aikin rakiyarsa asibiti, ɗaya kuma ya tsare masa ƙofa a ranar. Har yanzu yana shan magani, akwai kuma ranakun da ba su yi masa daɗi. Makon jiya na same shi zaune a kan benci yana waya da matarsa, yana tambayarta ko an gama shukar masara.