Jinyar Ƙwaƙwalwa ta Hanyar Magana Ba Hira Ba Ce

An daɗe ana ɗauka cewa zuwa wurin masanin halayyar ɗan'adam hira ce kawai: ka zauna ka zayyana damuwarka, a ba ka haƙuri, ka tashi. Da haka ne, ai aminin kirki ya isa.

Hanyoyin ma ba ɗaya ba ne. Wadda ta fi zama a zukatan mutane ita ce ta likitan nan ɗan ƙasar Austria, Sigmund Freud, mai tono ƙuruciya da abin da ke ɓoye a zuci, wadda kan ɗauki shekaru. Amma a shekarun 1960 Aaron Beck, likita a Amurka, ya kafa tushen hanyar da yau ake kira CBT, wato jinya ta hanyar gyara tunani da ɗabi'a. Aiki ake yi a cikinta, har da wanda ake ba mutum ya je ya yi a gida. Mai baƙin ciki mai tsanani da ke cewa "kowa ya tsane ni" sai a sa shi ya rubuta tunanin a takarda, ya jera hujjoji ƙarƙashinsa: wa ya kira shi makon jiya, wa ya tambayi lafiyarsa. Yawanci cikin 'yan watanni ake kammalawa.

Mai tsoron hawa lif kuwa, ba lallashinsa ake yi ba. Yau ya tsaya a bakin ƙofa, gobe ya shiga ya fito, jibi ya hau bene ɗaya, har faɗuwar gaban ta lafa.

Ita kuma Marsha Linehan, masaniyar halayyar ɗan'adam a Amurka, ta tsara wata hanya da ake kira DBT, mai koya wa mutum jure damuwa, musamman don masu yi wa kansu rauni.

Sai dai magana ba ta maye gurbin ƙwayoyin magani a kowace cuta. Mai jin muryoyin da babu su, galibi sai an haɗa masa da magani.