Halwa da Tattara Hankali

Tattara hankali shi ne mutum ya tsayar da zuciyarsa a kan abu guda, kamar zikiri ko tunani a kan wata aya ko shiga da fitar numfashi, domin ya samu natsuwa kuma waswasi ya ragu. Hausa ba ta da kalma ɗaya tilo da ta tara wannan ma'ana, sai dai kalmomi da dama da akasarinsu aka aro daga Larabci, irin su halwa, muraƙaba, tafakkuri da kushu'i. A Zariya, kamar sauran tsofaffin biranen ilimi na ƙasar Hausa, an fi sanin al'amarin ta fuskar ibada da tarbiyyar ɗariƙun sufaye.

Asali

Malamai kan kafa hujja da keɓewar da Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi a kogon Hira kafin saukar wahayi, da kuma aya ta 28 ta Suratur Ra'adi, wadda ta nuna cewa da ambaton Allah zukata suke natsuwa. Muraƙaba kuwa ana danganta ta da hadisin Jibrilu, inda aka bayyana ihsani da cewa bawa ya bauta wa Allah kamar yana ganinsa. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi dogon bayani a kan halartar zuciya a cikin salla, kuma ya nuna cewa abin da ke ɗauke hankali iri biyu ne: na waje, wato abin da ido ya gani ko kunne ya ji, da na ciki, wato damuwar duniya da mutum ya shigo da ita, wanda shi ne mafi wuyar magani.

Tarihi a ƙasar Zazzau

Ɗariƙar Ƙadiriyya, wadda ake jinginawa ga Shehu Abdulƙadir Jilani na Bagadaza, ita ce ɗariƙar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, kuma ta ƙara ƙarfi a Zazzau bayan jihadi, lokacin da Malam Musa ya zama sarkin Fulani na farko a farkon ƙarni na 19. Tijjaniyya, wadda Shehu Ahmadu Tijjani da ya rasu a birnin Fas a 1815 ya kafa, ta shigo daga baya. Ana yawan danganta yaɗuwarta da zaman da Alhaji Umaru Futi ya yi a Sakkwato a wajajen shekarun 1830, kuma ba a daɗe ba ta samu gindin zama a tsakanin malaman birnin Zariya da gidan sarautar Mallawa, wato zuriyar Malam Musa. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, wanda ya hau gadon sarauta a 1903 kuma ya yi fice a waƙa, Batijjane ne. A tsakiyar ƙarni na 20 koyarwar Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha ta fito da tarbiyya, wato horon ruhi don sanin Allah, fili ga talakawa, bayan a da an ɗauke ta abin keɓaɓɓun mutane.

Yadda ake yi

Mai shiga halwa yakan keɓe a ɗaki mai ƙarancin haske, cikin tsarki, yana fuskantar alƙibla a kan buzu ko tabarma, ya rage ci da barci da magana, ya lazimci wuridin da shehinsa ya ba shi. Kwanakin sun bambanta, daga uku ko bakwai zuwa arba'in. Sharaɗin da aka fi nanatawa shi ne izini, domin jama'a sun yi imani cewa wanda ya shiga halwa da ka yana iya fitowa da taɓin hankali. Wasu malaman tsibbu kuma suna shiga halwa don neman biyan buƙatun duniya, abin da sufaye da yawa ba su ɗauke shi tarbiyya ba.

Abin da ya fi yawa a rayuwar yau da kullum shi ne wuridi. Lazimin Tijjaniyya, alal misali, istigfari ɗari ne da salati ɗari da hailala ɗari, safe da yamma, kuma carbi yana ɗauke wa mai yi wahalar ƙirga, hankalinsa ya tsaya a kan lafazin. I'itikafi a goman ƙarshe na watan azumi shi ma keɓewa ne, amma a masallaci, kuma mabiya ɗariƙa da waɗanda ba sa bi duk suna yin sa.

Saɓani

Ƙungiyar Izala, da aka kafa a Jos a 1978, tana ganin halwa da wuridin ɗariƙu bidi'a ne, ta taƙaita ga zikirorin da suka zo a hadisi. Malaman ɗariƙu sun yi raddi a kan haka.

Salon zamani

A 1979 wani masanin kimiyya Ba'amurke mai suna Jon Kabat-Zinn ya fara wani shiri a jami'ar Masacusets ta Amurka, inda ake koya wa marasa lafiya lura da numfashi da jiki don rage damuwa. Ya ɗauko dabarun daga addinin Budda, ya cire musu rigar addini, kuma yawancin matasa ta wayar hannu suke cin karo da wannan salo.