Gresini: ba zuwan Marquez ne ya fara labarin ba

Tun da zakaran duniya Marc Marquez ya bar Honda ya je ƙungiyar Gresini a 2024 ake ta musu tsakanin masu bin tseren babura na MotoGP, wasu na cewa shi ya ɗaga wannan ƙaramar ƙungiya, wasu kuma su ce ai babur ɗin Ducati da ƙungiyar ke amfani da shi ne kawai, ko wa ka ɗora a kai zai yi gudu. Ni dai duka biyun ban yarda ba, don abin ya samo asali tun kafin nan.

A gurguje: Fausto Gresini ɗan Italiya ne da ya ci kambun duniya na ajin 125cc a 1985 da 1987, ya kafa ƙungiyarsa a 1997 da matuƙi ɗaya, Alex Barros. Daijiro Kato ya ciwo masa kambun 250cc a 2001, ya rasu bayan hatsari a Suzuka a 2003, wani matuƙinsa Marco Simoncelli ma ya rasu a hatsarin tsere a Sepang a 2011. Wannan kowa ya sani.

Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne Disambar 2020. Tun 2015 Gresini ke riƙe da ƙungiyar kamfanin babura na Aprilia, wato akwai kamfani a bayanka, albashin makanikai ba abin fargaba ba ne, amma fa babur ba kai ke zaɓa ba kuma ba kai kaɗai ke da ta cewa kan matuƙa ba. A watan nan aka sanar cewa daga 2022 Gresini za ta koma cin gashin kanta, ita za ta nemo babur haya, ita za ta bi masu ɗaukar nauyi. Ba a yi nisa ba korona ta kwantar da Fausto a asibiti, ya rasu ranar 23 ga Fabrairun 2021, ya bar shawara a tsaye amma ba babur a ƙasa.

To a nan ne matarsa Nadia Padovani ta karɓi ragama tare da 'ya'yansu maza, kuma wallahi da ta rufe garejin ko ta sayar ba wanda zai ga laifinta, mace tana cikin zaman makoki ga ma'aikata na jiran su ji makomarsu ga kwantiragin shekara biyar na shiga gasar MotoGP da aka riga aka sa wa hannu. Ta ƙi janyewa. A Yunin 2021 aka sanar da yarjejeniya da Ducati. Wannan 'yancin zaɓar babur da zaɓar mutum shi ne tushen komai a ganina, kuma yana min ciwo yadda ake tsallake shi a hira.

Tseren farko na 2022 a Katar, matuƙin Gresini Enea Bastianini ya zo na ɗaya a kan babur ɗin shekarar da ta gabata, ya gama kakar da nasara huɗu. Saboda haka lokacin da Marquez ke neman inda zai farfaɗo bayan raunin hannu, ya riga ya ga cewa tsohon babur a garejin nan yana cin tsere, ga ƙanensa Alex yana can tun 2023. Marc ya ci tsere uku a 2024, a Aragon da Misano da Phillip Island, shi ma a kan babur ɗin 2023.