Alƙaluman Mura da Tari a Gombe: Doka Ta Ba Ka Damar Tambaya

Duk shekara idan hunturu ya kankama, tari da mura sukan cika gidaje a Gombe, sai ka ji ana cewa "bana abin ya fi na bara". Wa ya ƙirga? Akwai masu ƙirgawa. Kowace ƙaramar hukuma cikin 11 na jihar tana da jami'in sa ido kan cututtuka. Shi ke tattara rahoton asibitoci ya miƙa wa Ma'aikatar Lafiya ta jiha, daga nan a tura wa hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka ta ƙasa, wato NCDC, a Abuja, wadda aka sa hannu kan dokarta a 2018. NCDC tana wallafa rahoton mako-mako a shafinta na intanet, kyauta. Can ya kamata a fara dubawa, sai dai da wuya ka ga Dukku ko Kaltungo daban a ciki.

A nan Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 take da amfani. Ta ba kowa damar neman bayanin da ke hannun hukuma, kuma ba sai ka faɗi dalilinka ba. Wanda bai iya rubutu ba, wani zai iya nema a madadinsa. Hukuma tana da kwana 7 ta amsa, tana iya ƙara wasu 7 idan takardun suna da yawa. In ta hana, dole ta rubuto dalili. In ta yi shiru, doka ta ɗauki shirun a matsayin hani, kuma kana da kwana 30 ka kai ƙara kotu. Hani ba bisa ƙa'ida ba tararsa naira 500,000 ce. Kuɗin kwafi kawai za a karɓa a hannunka. An daɗe ana gardamar ko dokar ta hau kan jihohi, har Kotun Ƙoli ta yanke a 2025 cewa ta hau.

Sunan majiyyaci da fayil ɗinsa ba za a ba ka ba, kuma daidai ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ma ta kare sirrin mara lafiya. Jimilla za ka nema. Kada ka rubuta "ina son bayani kan mura". Rubuta: adadin yara 'yan ƙasa da shekara 5 da aka gani da ciwon haƙarƙari a ƙaramar hukumar Akko, wata-wata, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ka je hukumar da kwafi biyu na takardar buƙatarka, a buga maka hatimi da kwanan wata a ɗaya ka riƙe, domin daga ranar ake lissafin kwana 7.

Idan alƙaluman sun zo, a karanta da lura. Wanda ya je asibiti kaɗai suka ƙunsa. Uwar da ta sayo maganin tari a kemis ba ta ciki, kuma ba kowane mai mura ake ɗaukar samfurinsa a tantance ƙwayar cutar ba.